Idan Taswira Ta Hau Kan Taswira: Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Iyakoki da Bayanansu

Fili ɗaya yakan ɗauki iyakoki da yawa a lokaci guda. Gonar da ke yammacin Batsari a jihar Katsina tana cikin ƙaramar hukuma, tana cikin mazaɓar kansila, tana ƙarƙashin dagacin da ke bin Sarkin Ruma, wataƙila tana bakin burtali ko gefen gandun daji, ƙasarta kuma jigawa ce ko laka ko fadama. Kowace daga cikin waɗannan iyakoki wata hukuma ce ta shata ta, a wani zamani, don wata bukata, kuma da wuya a sami biyu da suka bi layi ɗaya. Amma tambayoyin da jama'a da hukuma suka fi damuwa da su a tsakanin iyakokin suke. Hekta nawa na dajin Rugu ya faɗo cikin Safana, nawa cikin Batsari, nawa cikin Ɗanmusa? Ƙauyuka nawa ne suka yi nisa da asibiti? A ina gonaki suka ci burtali? Babu taswira guda da ke ɗauke da amsar. Sai an ɗora wannan kan waccan, an yanka inda suka haɗu, an kuma haɗa bayanan da kowace ta zo da su. Wannan shi ne aikin da manhajojin nazarin taswira suka fi shahara da shi.

A cikin kwamfuta taswira falle-falle ake ajiye ta, kowane falle da abu iri ɗaya: fallen mazaɓu daban, na hanyoyi daban, na rijiyoyin burtsatse daban. Abubuwan da ke kan falle siffa uku suke ɗauka. Akwai ɗigo, kamar wurin da makaranta ko asibiti yake. Akwai layi, kamar hanyar Katsina zuwa Batsari ko wani rafi. Akwai kuma yanki, wato fili da layi ya zagaye ya rufe, kamar mazaɓa ko gona ko gandun daji. Kowane falle yana tafe da jadawali a bayansa, kowane yanki yana da sahu ɗaya a jadawalin, sahun kuma an raba shi gurbi-gurbi: suna, lamba, faɗin fili, yawan jama'a, da duk abin da aka ga damar rubutawa. Idan aka taɓa mazaɓar Wagini a allo, sahunta a jadawali zai yi haske, in kuma sahun aka taɓa, siffar ce za ta yi haske. A ɗaure suke, duk abin da aka yi wa siffa sai ya shafi sahu.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A da ana zana kowace taswira a takarda mai shara-shara, a jera su kan gilashin da fitila ke haska shi ta ƙasa, a duba inda zanen ya hau kan juna. Ian McHarg, masanin tsara filaye a Amurka, shi ya yayata wannan hanya da littafinsa na 1969, inda ya nuna yadda za a zaɓi wurin shimfiɗa titi ta hanyar jera taswirorin ƙasa da ruwa da daji da gidaje. A shekarun 1960 ɗin kuma Roger Tomlinson ya jagoranci gina tsarin farko na irin wannan aiki a kwamfuta domin ƙididdige filayen ƙasar Kanada. Kamfanin Esri, wanda aka kafa a 1969, ya fitar da manhajar ARC/INFO a 1982, wadda ArcGIS ta gada. A 2002 Gary Sherman ya fara QGIS, wadda kyauta ce, tana kuma aiki ko babu intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yankin Batsari da aka taɓa katse wa layukan waya a 2021 saboda matsalar tsaro.

Hanyoyin haɗawa

A ɗauki falle biyu, na ƙananan hukumomin jihar Katsina guda 34 da na dajin Rugu. Hanya ta farko ita ce mahaɗa, wadda ke riƙe inda fallayen biyu suka hau kan juna kaɗai, ta zubar da saura. Abin da zai fito shi ne dajin, amma an yanyanka shi bisa iyakokin ƙananan hukumomi, kowane gutsure da sahunsa, kowane sahu ɗauke da sunan daji daga wannan falle da sunan ƙaramar hukuma daga wancan. Daga nan amsar tambayar hekta nawa ta zo kusa.

Hanya ta biyu gamayya ce, wadda ba ta zubar da komai. Ana iya kwatanta ta da tela da ya shimfiɗa yadi biyu, ɗaya kan ɗaya, kowanne da zanen allinsa, ya bi duk zanen biyun da almakashi, sannan ya ajiye kowane ƙyalle. Yanki biyu masu sauƙin siffa da suka ɗan hau kan juna gutsure uku suke bayarwa: na farko zalla, na biyu zalla, da wanda suka yi tarayya a kai. A misalin Safana za a sami ɓangarenta da ke cikin daji, da ɓangarenta da ke wajen daji, da kuma dajin da ya fita daga cikinta. Gamayya ce ta fi ba da cikakken bayani, ita ce kuma ta fi cika jadawali da sahu. Fallaye uku ko huɗu masu yankuna da yawa suna iya haifar da gutsattsari dubbai.

Ragi shi ne cire fili na biyu daga na farko, kuma wanda aka sa a gaba yana sauya amsa. Daji a cire gonaki, abin da ya rage na daji ke nan. Gonaki a cire daji, gonakin da ba su shiga gandun ba ke nan. Akwai kuma datsa, wadda a ido ta yi kama da mahaɗa, sai dai ba ta ɗauko bayanan falle na biyu, iyakarsa kawai take ara ta yanke. Da ita ake ciro hanyoyin Batsari daga fallen hanyoyin Najeriya baki ɗaya.

Narkarwa ta sha bamban da waɗannan, domin a falle ɗaya take aiki. Tana goge iyakar da ke tsakanin yankunan da suka yi tarayya a wani gurbi na jadawali. Mazaɓu 361 na jihar Katsina, in aka narkar da su bisa sunan ƙaramar hukuma, za su koma yanki 34. Batsari da Safana da Ɗanmusa, in aka narkar da su, sun zama mazaɓa ɗaya ta majalisar wakilai ta tarayya, kamar yadda suke a zahiri. Ta ƙarshe ita ce tarawa, wadda masu koyo suka fi rikita ta da gamayya. Tarawa zuba fallaye biyu ne cikin fayil guda ba tare da an yanka komai ba. In akwai inda suka hau kan juna, yana nan yadda yake, ɗaya ya rufe ɗaya, ido ba ya gani, amma lissafin faɗin fili zai ƙirga wurin sau biyu.

Abin da kwamfutar ke yi a ɓoye bai da sarƙaƙiya a fahimta, ko da yake lissafinsa na da nauyi. Iyakar kowane yanki jerin ɗigogi ne da aka haɗa da gajerun layuka. Manhajar tana neman duk inda layin wannan falle ya ƙetare na wancan, ta dasa sabon ɗigo a wurin, ta karya layukan biyu a nan, ta sake ɗinke su su zama sababbin yankuna rufaffu. Sannan ta tambayi kowane sabon yanki cikin wane tsohon yanki yake a falle na farko, cikin wane yake a na biyu, ta kwafo masa sahun kowannensu. Saboda haka in akwai yankin da aka zana da kuskure, iyakarsa ta harɗe ta ƙetare kanta ko ba ta rufe ba, aikin yakan tsaya cak ko ya ba da sakamakon da ba daidai ba. Akwai kayan gyaran siffa a manhajojin, kuma da su ya kamata a fara.

Inda lambobi ke ɓata

Kalmar da ya kamata a riƙe a bayanin da ya gabata ita ce kwafowa. Manhajar tana yanka siffa da ƙwarewa, amma ba ta yanka lambar da ke cikin jadawali, kwafe ta take yi ɗungurungum. Ba ta san cewa wannan gurbin yawan mutane ba ne, wancan kuma lambar shaida ce. Nan ne mafi yawan kurakurai suke shigowa, kuma sun fi haɗari saboda taswirar da ta fito tana da kyau a ido, babu alamar komai.

A ɗauka, don misali kawai, akwai mazaɓa mai mutum 20,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 100. Iyakar gandun daji ta ratsa ta, kilomita 40 suka faɗa ciki, 60 suka tsaya a waje. Bayan gamayya mazaɓar ta zama gutsure biyu, kowanne sahunsa na cewa 20,000. Wanda ya tara gurbin zai sami 40,000. In hanya ta sake ratsa gutsattsarin biyu suka zama huɗu, jimillar ta kai 80,000, alhali ko jariri ɗaya ba a haifa ba. Gurbin faɗin fili ma haka: a yawancin fayiloli yana nan yana cewa 100 a kowane sahu har sai an sake lissafa shi. Idan da irin wannan jadawali aka ƙiyasta buhunan taki ko gidajen sauro ko alluran rigakafi, mazaɓar da layuka suka fi ratsawa za ta sami ninkin rabonta, ta kusa da ita ta tashi da ƙasa da nata.

Maganin farko shi ne rabo gwargwadon fili. Kafin a yanka a ajiye faɗin asali a gurbi na musamman. Bayan an yanka a lissafa sabon faɗin kowane gutsure, a raba shi da na asali, a ninka da yawan jama'a. Gutsuren cikin daji ya sami 8,000, na waje 12,000, jimilla ta dawo 20,000. ArcGIS tana da zaɓin da ke yin wannan rabo da kanta, amma sai an kunna shi a kan gurbin da ake so, a QGIS kuwa da na'urar lissafin jadawali ake yi.

Wannan rabo ya gyara jimilla, amma ya ginu kan zaton cewa mutane a warwatse suke daidai wa daida a faɗin mazaɓar, kamar kowace hekta tana da adadi ɗaya. Duk wanda ya san ƙasar Ruma ko Runka ya san ba haka zama yake ba. Jama'a a dunƙule suke cikin garuruwa, kusa da ruwa da kasuwa da titi, tsakanin gari da gari kuma gonaki ne da fako. Shi ya sa ake shigo da falle na uku, na matsugunai, wanda aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, a raba jama'a gwargwadon gine-ginen da suka faɗo kowane ɓangare. In kashi ɗaya cikin goma na gidajen mazaɓar ne kawai ke ɓangaren daji, rabonsa ya sauka daga 8,000 zuwa 2,000.

Ita ma wannan hanyar tana da makanta, kuma a yammacin Katsina makantar ba ƙarama ba ce. Rufin kwano yana ƙyalli a hoton sama, bukkar ruga ta kara da ciyawa kuwa launinta ɗaya da ƙasa, ga shi tana iya tashi daga wuri bayan damina. Lissafin da ya dogara da gine-gine kaɗai yana iya nuna daji wayam alhali da iyalai a ciki, da yara masu bukatar rigakafi da makaranta. Ta ɗaya gefen kuma, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, mutanensu sun koma cikin garin Batsari da Katsina da wasu wurare. Rufin gidajensu yana nan a hoto, su ba sa nan. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, lokacin da aka ƙirga sama da mutum dubu 200 a ƙaramar hukumar Batsari, duk alƙaluman da ake amfani da su yau ƙiyasi ne da aka ɗora a kanta ko a kan hotuna da ƙirge na samfuri. Kowace hanyar rabo aka bi, ya kamata a rubuta ta a jikin rahoto, mai karatu ya san zaton da lambar ta tsaya a kai.

Ba kowace lamba ake rabawa ba. Lambobin da ake tarawa, kamar yawan mutane ko shanu ko hektocin rogo, su ake rabawa idan an yanka, a tara su idan an narkar. Lambobin da suke ma'auni ne, kamar cunkoson jama'a a kowane murabba'in kilomita, ko yawan ruwan sama a shekara, ko kashi cikin ɗari, ba a raba su, ba a kuma tara su. In ruwan da ya sauka a mazaɓa milimita 700 ne, rabinta ba 350 ya samu ba. Ko wajen ɗaukar matsakaici ma akwai tarko. A ɗauka mazaɓa ɗaya tana da yara 1,000, an yi wa kashi 90 cikin ɗari rigakafi, ta biyu tana da yara 4,000, an yi wa kashi 50. Matsakaicin 90 da 50 shi ne 70. Amma yaran da aka yi wa allura 900 ne da 2,000, wato 2,900 cikin 5,000, kashi 58 ke nan. Tazarar da ke tsakanin 70 da 58 yara 600 ce da rahoto zai ce an yi musu alhali ba a yi ba. Ƙa'idar ita ce a koma ga ainihin ƙirgen, a tara na sama daban, na ƙasa daban, sannan a sake fitar da kason.

Sunaye ma suna da tasu matsalar. Narkarwa ta yau da kullum a QGIS sahun yanki na farko take riƙewa ta watsar da sauran. Saboda haka in aka narkar da Batsari da Safana da Ɗanmusa, sabon yankin yana iya fitowa da sunan ɗaya daga cikinsu da yawan jama'arta ita kaɗai. Akwai wani kayan aikin daban da ke ba da damar a faɗa wa kowane gurbi abin da za a yi da shi: wannan a tara, wannan a ƙirga, wannan a jera sunayen da waƙafi a tsakani. Ga kuma bambancin rubutu. Wani jadawali ya rubuta Ruma, wani Rumah, wani Danmusa a haɗe, wani Dan Musa a rabe, wani da ƙugiya, wani babu. A wurin kwamfuta waɗannan garuruwa ne daban-daban, ba za ta haɗa su ba. Akasin haka ma yana faruwa: Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Liman sun cika ƙasar Hausa, narkarwa bisa suna za ta ɗaure wurare masu nisan tafiyar yini su zama yanki ɗaya. Don haka lambar shaida ta fi suna aminci. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuma sukan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana in ba a ajiye fayil da tsarin UTF-8 ba.

Tsohon nau'in fayil na Shapefile, wanda har yau shi ya fi yawo tsakanin ofisoshi, yana ƙara wata wahalar. Sunan gurbi ba ya wuce harafi 10, saboda haka gurabe biyu masu dogon suna da suka fara iri ɗaya sukan guntule har a kasa bambance su. Idan fallaye biyu suka zo da gurbi mai suna ɗaya, manhaja takan liƙa wa na biyun lamba a wutsiya, bayan haɗi uku ko huɗu babu mai iya tuna wanne ne na wa. Mafi muni, a wasu manhajoji gurbin da babu bayani a cikinsa yakan koma sifili idan aka ajiye shi a wannan nau'in fayil. Gamayya kuwa tana haifar da irin waɗannan gurabe da yawa, domin gutsuren da ke wajen daji ba shi da abin da zai kwafo daga fallen daji. Sifili yana nufin an je an duba ba a sami kowa ba, gurbi wayam yana nufin ba a sani ba. Nau'in GeoPackage, wanda aka amince da shi a 2014, ya kauce wa waɗannan matsaloli. Dabara mai sauƙi kuma ita ce a rage gurabe kafin haɗawa, a bar waɗanda tambayar ke bukata kawai, a ba su gajerun sunaye masu nuna asalinsu.

Wani lokacin hawan kan juna cikin falle ɗaya yake. Idan aka zagaye kowace cibiyar lafiya da da'ira mai nisan kilomita 5 don a ga su wa ke kusa da magani, da'irorin da ke kewayen babban gari za su shiga juna. Ƙauyen da ya faɗo cikin uku za a ƙirga shi sau uku, jimillar waɗanda aka ce suna kusa da asibiti har ta iya zarce yawan mutanen ƙaramar hukumar. Sai an narkar da da'irorin sun zama yanki ɗaya kafin a ɗora su kan matsugunai. Ragin wannan yanki daga ƙaramar hukuma shi ke fitar da wuraren da aka bari a baya. Da'irar ma nisan tsuntsu take aunawa, ba ta san rafin da ke cika da damina ba, ba ta san hanyar da mutane suka daina bi don tsoro ba.

Ɓarɓashi, ma'auni da zamani

Idan iyaka ɗaya ce a ƙasa amma mutum biyu suka zana ta, layukansu ba za su taɓa dacewa ɗigo da ɗigo ba. A ce rafi ne ya raba mazaɓa da gandun daji. Mai zanen mazaɓu ya bi tsakiyar yashi, mai zanen daji ya bi gaɓa, ko kuwa shekaru sun raba zanen biyu rafin ya ci gefe ɗaya. Gamayya za ta fitar da siraran gutsattsari barkatai a tsawon iyakar, waɗanda ba komai ba ne illa saɓanin hannu. Wannan ɓarɓashi yana kumbura jadawali, yana kuma iya sa a ce wata mazaɓa ta shiga daji alhali iyaka kawai suka yi. Rigakafinsa shi ne a zaɓi layi ɗaya a matsayin na gaskiya, a manna ɗayan a kansa kafin haɗawa. In ya riga ya fito, akwai kayan aikin da ke haɗiye ƙananan gutsattsari cikin maƙwabcinsu mafi girma.

A nan akwai bukatar taka-tsantsan ta musamman a ƙasar noma da kiwo. Burtali shi kansa siriri ne mai tsawo, siffarsa ɗaya da ɓarɓashi. Lambun bakin fadama da mashaya da maƙabartar ƙauye duk ƙanana ne. Umarnin da ya ce a share duk abin da bai kai kaza ba yana iya shafe ainihin abin da aka zo nema, gonar da ke gefe ta haɗiye burtalin a cikin kwamfuta. Ya kamata a jera gutsattsarin daga ƙarami zuwa babba, a duba su da ido a kan hoton sama kafin a share ko ɗaya.

Sai batun ma'aunin wuri. Na'urar GPS da wayar hannu suna ba da wuri da digiri, bisa tsarin WGS 84. Digiri ba mita ba ne, kuma faɗin fili da aka lissafa da digiri ba shi da amfani. Kafin a auna hekta sai an mayar da fallayen duka kan ma'auni ɗaya na mita. Batsari da Safana suna gabas kaɗan da layin digiri 7, saboda haka suna cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuma a kan ma'aunin Minna aka gina su, wanda ya saɓa da na GPS da gomman mitoci. In ba a gaya wa manhaja ba, iyakar gandun da aka ɗauko daga tsohuwar takarda za ta goce gefe guda, duk gonakin da ke wannan gefen su bayyana a matsayin masu cin iyaka. Kaurin layin da ke takarda ma abin lura ne. Layi mai kaurin rabin milimita a taswirar 1:50,000 mita 25 ne a ƙasa, a ta 1:250,000 kuwa mita 125. Sakamakon haɗi ba ya fin mafi raunin fallayen da aka haɗa inganci, ko da manhajar ta rubuta amsa da lambobi shida bayan ɗigo.

Zamani shi ne na ƙarshe. Gandun Ruma-Kukar Jangarai da ke wannan yanki an shata shi tun kafin a ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ce, dokar amfani da ƙasa ta 1978, hoton tauraron Sentinel-2 mai nuna kowace mita 10 kuwa daga 2015 ya fara. Ɗora iyakar wancan zamani kan hoton bana yana nuna sauyin da aka samu, amma ba ya faɗin wanda ya ba da izinin noma a wurin, ko yaushe, ko bisa wace yarjejeniya. Wannan bayanin yana wurin dagatai da arɗo-arɗo da ma'aikatan gandun daji da fayilolin ofishin safiyo, kuma su ake komawa idan magana ta kai ga shari'a.

Fallayen da ake aiki da su a arewacin Najeriya yau da yawansu yaƙi da shan inna ne ya samar da su. Daga wajajen 2012 aka shiga zana matsugunai daga hoton sama, ana bin sawun masu allura da wayoyi masu GPS, ana ɗora sawun kan taswirar ƙauyuka don a ga inda ba a taka ba. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Shirin GRID3 ya gaji wannan aiki ya faɗaɗa shi, yana ba da fallayen matsugunai da cibiyoyin lafiya da makarantu da iyakokin mazaɓu kyauta, tare da ƙiyasin jama'a na WorldPop da ke jami'ar Southampton a Ingila. Iyakokin mazaɓun nan na gudanar da aiki ne, ba na doka ba. Jihohi kuma sun buɗe hukumomin taswirar filaye, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, KATGIS a Katsina.

Ko daga ina fallayen suka fito, gwajin da ake yi bayan haɗawa iri ɗaya ne. A tara faɗin gutsattsarin kowace mazaɓa a ga ko ya dawo faɗinta na asali. A tara yawan jama'a kafin da bayan yanka a kwatanta. A ƙirga sahu, in an sa ran goma aka sami ɗari uku, akwai ɓarɓashi ko yankunan da suka hau kan juna. A ajiye fayilolin asali ba tare da an taɓa su ba, a rubuta inda aka samo kowane falle da shekararsa da ma'auninsa da matakan da aka bi. Sannan a zaɓi wasu gutsattsari, musamman waɗanda za a yanke hukunci a kansu, a nuna wa mutanen wurin, ko a je da na'ura a tsaya a kansu idan hanya ta ba da hali.